Wata 8 da sabuwar bindigata mai sakata da harsashin ɗurin hannu

Na daɗe ina harbi da bindigar aro a filin atisaye kafin in yanke shawarar mallakar tawa. Da takardun lasisi suka kammala, ban yi wani dogon lissafi ba wajen zaɓen iri: mai sakata nake so, wadda kai da hannunka za ka ɗaga sakatar, ka ja ta baya ta tofar da kwanso, ka tura ta gaba ta ɗauki sabon harsashi, ka kulle. Tsohon tsari ne, don yawancin irin waɗannan bindigogi na yau jikokin wadda Paul Mauser ya fitar a Jamus a 1898 ne, mai haƙora biyu a kan sakata da ke kulle harsashi daram a mazauninsa. Wannan kullewar ce sirrin saitinta. Babu wani abu da ke motsi a ciki lokacin da wuta ta tashi.

Harsashin da na zaɓa shi ne .308 Winchester. Abokan harbi sun yi ta ja na zuwa 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ta fitar a 2007, kuma gaskiya suka faɗa cewa ya fi yanka iska a nesa, naushinsa a kafaɗa kuma ya fi sauƙi. Amma .308 tun 1952 yake kasuwa, kayan ɗurinsa ba sa wuyar samu, bututu kuma ya fi daɗewa da shi kafin ya cinye. Mai koyon ɗuri, wato haɗa harsashi da hannunsa, zai ƙona harsashi da yawa, don haka na bi wanda zai jure mini.

Ranar da na buɗe kwalin, abin da ya fara burge ni sakatar ce. Tana tafiya sumul, ba gargada, ba sai ka yi kokawa da ita ba. Kunamar ma haka: ba ta da jan ƙafa, kana matsawa kaɗan sai ta karye kamar tsinken ashana. Na sassauta ta zuwa wajen kilo 1 da ɗoriya na bar ta nan. Na zura takarda tsakanin bututu da jikin bindigar, ta wuce har gindi ba ta maƙale ba, wato bututun a sake yake, babu abin da ke taɓa shi ya ɓata masa rawarsa idan an harba.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jikin roba da aka yi mata. Gabansa yana da laushi. Idan ka ɗora shi kan ƙafafun saiti ka danna da ƙarfi, yana iya lanƙwasowa ya taɓa bututun, kuma nan take za ka ga harsashi ya yi sama. Robar da ke gindi, wadda ya kamata ta tare nauyin naushi, siririya ce. Bayan harbi 30 kafaɗata ta san an yi aiki. Na canza robar gindin a mako na biyu. Gidan harsashin kuma gajere ne, abin da ban ɗauke shi komai ba sai daga baya.

Kamfanin ya yi alkawarin cewa harsashi 3 za su taru cikin MOA 1, wato kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Da harsashin kanti mai kyau ta cika alkawarin. Da mai araha kuwa sai ta watsa zuwa santimita 5 ko fiye. Wannan bambancin ne ya tura ni teburin ɗuri.

Harsashi abu huɗu ne kawai: kwanson tagulla, ƙaramin maɓallin da ke gindinsa mai tayar da wuta wanda ake kira firaima, albarushi, da kan harsashin da ke fita. Bayan an harba, kwanson ne kaɗai ke saura, kuma shi ya fi sauran tsada, shi ya sa ake sake ɗura shi. Na sayi injin matsa na RCBS mai aiki ɗaya a lokaci ɗaya, da mazuban da ke mayar da kwanso siffarsa su kuma dasa kan harsashi, da sikeli, da ma'aunin tsawo, da abin datse bakin kwanso. Kafin duk waɗannan na sayi littafin ɗuri na masu yin albarushin, na karanta rabinsa na farko sau biyu ban taɓa komai ba. Da gangan ba zan rubuta yawan albarushin da nake zubawa a nan ba. Abin da ya zauna lafiya a bindigata yana iya zama haɗari a taka, ko da iri ɗaya ce. Matsin da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta ƙayyade wa .308 shi ne fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma wannan wutar tana tashi ne 'yan santimita kaɗan daga idonka. Ana farawa daga mafi ƙarancin abin da littafi ya ce, a riƙa hawa sannu sannu.

Awon wannan sana'a da giren ake yi, wanda 7,000 nasa ne fam ɗaya, wato giren ɗaya bai kai kashi 7 cikin 100 na giram ba. Da dare, ƙarƙashin fitila, za ka zuba albarushi a ɗan faranti ya rage kaɗan, sai ka riƙa murza ɗan bututun ɗigo, ƙwaya ɗaya, ƙwaya biyu, kana kallon allurar sikeli har ta tsaya cif a kan layi. Ko numfashinka ya bugi farantin sai ta motsa. Na koyi rufe taga da kashe fanka. Na kuma koyi kada in ajiye gwangwanin albarushi fiye da ɗaya a kan tebur, kuma kafin in dasa kai sai na haska kowane kwanso da tocila na ga cikarsu ɗaya.

Zagayen farko ya ba ni takaici. Na ɗura 40 da kan harsashin Sierra mai giren 168, na jera su biyar biyar, kowane rukuni da nasa awon, na rubuta a jikin kwali. A fili kuwa babu rukunin da ya taru. Wannan ya yi dama, wancan ya yi ƙasa, har gara harsashin kanti mai araha. Na dawo gida ina zargin sikeli, ina zargin albarushi. Sai da nake goge bindigar na ji madubin saiti ya ɗan girgiza a hannuna. Sukurori biyu na zoben da ke riƙe shi sun kwance. Harsashi 40 da aikin dare uku sun tafi a banza. Washegari na sayi abin ɗaure sukurori mai auna ƙarfi, kuma tun daga ranar ba na harba gwaji sai na bi sukurorin madubi da na jikin bindiga ɗaya bayan ɗaya.

Zagaye na biyu ne ya fara magana. Amma a nan na gane abin da nake ganin shi ne mafi muhimmanci a duk wannan harka: taruwar harsashi 3 ba shaida ba ce. Na samu rukuni guda da ramukansa uku suka haɗe kamar ganye ɗaya, na ɗauki hoto, na ce shi ke nan na samu. Mako na gaba na ɗura 10 irinsa sak, sai suka buɗe fiye da ninki biyu. Sa'a ce ta haɗa ukun farko. Wani awon da na raina saboda ukunsa na farko ba su yi kyau ba, shi ne da na harba 10, sannan wasu 10 a wata rana, ya zauna inda yake. Yanzu ba na yarda da kowane ɗuri sai ya ba ni harbi 20 a ranaku daban daban, ina barin bututu ya huce a tsakani, don siririn bututu irin na farauta yana fara yawo da zarar ya yi zafi.

Sau ɗaya na kusanci iyakar sama ta littafin, ban ma kai ta ba. Na harba, na zo ɗaga sakata sai na ji ta yi nauyi, sai da na sa tafin hannu. Na ɗauki kwanson na duba gindinsa: firaimar ta baje ta rasa zagayen gefenta, ga kuma wani ɗan tabo mai sheƙi a kan rubutun. Alamun matsi ya yi yawa ke nan. Na tsaya nan take, sauran huɗun na kawo su gida na zare kawunansu na juye albarushin. Ranar ana zafi sosai, kwalin kuma ya daɗe a rana, kuma zafi yana ƙara wa albarushi ƙarfi. Wani abin da ke jawo irin wannan shi ne kwanson soja na 7.62, mai kama da na .308, wanda sau da yawa ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta, don haka awo ɗaya yana ba da matsi mafi girma. Ni dai na daina gauraya kwanso. Na sayi na Lapua 100 daga ɗauri ɗaya, ina ƙirga sau nawa aka harba kowane rukuni, ina datse bakinsu idan sun miƙe sun doshi inci 2.015, wanda shi ne iyakar tsawonsu.

Maganar gajeren gidan harsashi ta dawo a nan. Masu neman saiti sukan dasa kan harsashi ya ɗan fito waje don ya kusanci inda tsagin cikin bututu ya fara. Na auna tawa, na ga akwai tazara mai yawa, amma gidan ba ya karɓar abin da ya wuce inci 2.8 da ɗan kaɗan. Ko dai in riƙa saka harsashi ɗaya ɗaya da hannu, ko in haƙura. Na haƙura, kuma alhamdu lillahi kan mai giren 168 bai damu da tsallaken ba.

To me na samu bayan wata 8 da harbi wajen 600? Harsashi 10 suna taruwa cikin kusan santimita 2.5 a mita 100, yau da gobe da jibi. Na'urar auna gudu da wani abokina ya ara mini ta nuna suna fita da kusan mita 800 a daƙiƙa, bambancin tsakaninsu kaɗan ne, abin da ke nuna amfaninsa sosai idan an matsa zuwa mita 300. Harsashin kanti mafi tsada yana kusantar haka, ba zan ɓoye ba. Wanda ke harba 20 a shekara don farauta, ya sayi mai kyau ya huta. Batun rage kashe kuɗi kuma kada a yaudare ka: kowane harsashi ya fi araha, amma kayan aikin suna da tsada, kuma za ka riƙa harbi ninki uku.

Bindigar kanta zan sake sayenta ba tare da na yi shawara da kowa ba. Sakata, kunama da bututu, waɗanda su ne zuciyarta, ba ni da abin cewa a kansu. Jikin robar ne zan rabu da shi; na riga na yi odar mai ƙashin alminiyam a ciki, wanda ke karɓar gidan harsashi mai tsawo. Idan ya iso sai in sake gwajin zurfin dashen kai daga farko, kwanso 50 na nan a wanke suna jira.