Zare mai gajeren launi ko mai dogon launi: wanne za a saƙa wa jariri rigar sanyi da shi?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce kina da zaren saƙa iri biyu, dukkansu masu gaurayen launi, kina so ki saƙa wa ɗan ƙanwarki mai wata shida rigar sanyi mai maɓalli a gaba, kin rasa wanda za ki ɗauka. Allah ya raya mana shi.

Kada kyawun dunƙulen ya ruɗe ki, irin wannan zaren a dunƙule babu mummuna. Warware mita huɗu ko biyar daga kowanne, ki shimfiɗa, ki sa tef ki auna tsawon da launi ɗaya yake yi kafin wani ya karɓe shi. Yadda kika kwatanta, na farkon yana sauya launi duk bayan santimita 15 ko kusa da haka, na biyun kuwa sai ki yi ta ja kina cikin shuɗi har ki gaji. To a kan tsinke halinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Mu fara da mai gajeren launin. Idan zaren matsakaicin kauri ne, irin wanda ake saƙawa da tsinke mai milimita 4 ana samun ido 22 (wato madaukan zare da ke jeruwa a kan tsinke) a faɗin santimita 10, to launi mai tsawon santimita 15 ido tara ko goma kawai zai ba ki, sai wani ya shigo. Rigar za ta fito rodi-rodi, launukan sun cakuɗe. Daɗinsa shi ne ba ya neman lissafi. Ki fara hannun dama daga ko'ina a zaren, ki fara na hagu daga ko'ina, babu mai cewa sun bambanta. Zare ya ƙare ki ɗaura sabo ki ci gaba.

Aibinsa ɗaya ne, amma mai cin rai. Launukan nan a jere suke, suna maimaita kansu. Idan aka yi rashin sa'a zaren da layi ɗaya yake ci ya yi daidai da tsawon wannan jerin, ko ninkinsa, sai ja ya riƙa faɗowa a kan ja, kore a kan kore, layi bayan layi, har su taru su yi dabbare-dabbare. Ya taɓa faruwa da ni. Bayan rigar ya fito lafiya lau, ina zuwa gaban hagu sai ga jan launi ya taru wuri guda daidai ƙirji, faɗin tafin hannu, kamar an goga wa yaron fenti. Na ɗaga, na juya, na ajiye na ja da baya na sake kallo, ƙarshe dai warwarewa na yi. Abin haushin, 'yar saƙar gwaji ba ta nuna miki wannan, domin faɗinta daban da na rigar. Ƙarin ido huɗu ko ragin huɗu ya isa ya sauya zanen gaba ɗaya.

Maganinsa ba wuya. Ki yi aiki da dunƙule biyu, layi biyu da wannan, layi biyu da wancan, kina hawa da zaren ta gefe ba tare da kin yanke ba. In dunƙule ɗaya gare ki, ki jawo bakin zaren na ciki da na waje. Sannan saƙa mai kunya-kunya, wadda gaba da bayanta iri ɗaya ne, ta fi saƙa mai sumul tarwatsa launi.

Mai dogon launin shi kuma ratsi yake yi da kansa, kamar kin zauna kina sauya zare. Ba ya dabbare-dabbare. Sai dai kaurin ratsin ba a hannunki yake ba, faɗin abin da kike saƙawa ne ke yanke shi. Ga lissafin. Ƙirjin ɗan wata shida kamar santimita 43 ne, a ƙara masa sakewa rigar ta kai 48. Layi ɗaya na saƙa yana cin zare kamar ninki uku zuwa huɗu na faɗinsa, don haka zagaye ɗaya na jikin rigar zai ci fiye da mita ɗaya da rabi. A ce shuɗin ya kai mita 6: a jiki layi uku zuwa huɗu zai yi. Hannun riga kuwa kewayensa bai wuce santimita 18 ba, shuɗin nan dai zai ba ki layi tara ko goma. Jiki siraran ratsi, hannu manya-manya. Wasu haka suke so, ni ma ban ƙi ba in dai hannayen biyu sun yi daidai da juna.

A nan wahalar take. Dole ki fara kowane hannu daga wuri ɗaya a jerin launukan, wato ki warware zare ki ajiye gefe har ki iso inda kike nema. Ki kuma duba ko dunƙulen biyu fuska ɗaya aka naɗe su, don akwai wanda za ki tarar jerinsa ya juya baya, akwai mai ƙulli a tsakiya inda launi ya yi tsalle. Saboda haka wannan zaren ya fi ɗan'uwansa ci, kada ki fara sai da rarar dunƙule a hannu.

Tunda mai buɗaɗɗen gaba kike so, ga wata kuma. In kika saƙa baya daban, gaba biyu daban, bayan santimita 24 ne, kowane gaba 12. Ratsin gaba zai ninka na baya kauri, ba za su haɗu a ɗinkin gefe ba, kuma da wuya gaban dama ya yi daidai da na hagu. Sai dai ki saƙa jikin duka a haɗe a kan tsinke mai igiya (tsinke biyu da igiya ta haɗa su), daga wannan baki zuwa wancan, har hammata.

Inda suka yi tarayya: dukkansu sun hutar da ke soke bakin zare barkatai, kuma ba sa barin zare yana ratayawa a bayan saƙa, irin wanda ke kama 'yan yatsun jariri wajen sa riga. Dukkansu kuma suna haɗiye ado. Ki ɓata dare kina saƙa mai kitso ko mai huji-huji, launi ya cinye, ba mai gani.

Ni dai da ni ce, mai gajeren launin zan ɗauka don wannan rigar, in yi ta da saƙa mai kunya-kunya, in nemo zare mai launi ɗaya daga cikin launukansa in yi wuya da bakin hannu da layin maɓalli. Wannan bakin shi ke sa ido ya huta. Dogon kuma ki adana shi. Akwai wata rigar jarirai da Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila da ta zauna a Amurka, ta fitar a 1968: falle ɗaya ake saƙawa, a naɗe, a ɗinke saman hannaye biyu kawai. Da yake kowane layi yana ratsa dama da hagu a tare, ratsin yakan daidaita da kansa, har ya sha kwana a kusurwa gwanin kyau.

Ko wanne kika ɗauka, ki yanko ɗan guntu ki jiƙa a ruwa mai ɗumi, ki matse a cikin farin ƙyalle. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi zuba, kuma rigar jariri kullum cikin wanki take. Ki goga zaren a wuyanki, in ya soke ki to shi ma zai soke shi. Maɓallan ki ɗinke su tamau, ki ja kowanne da ƙarfi ki gani, don ɗan wata shida duk abin da hannunsa ya kama baki yake kaiwa. Igiyar ɗaurewa a wuya kuwa kada ma ki sa.