Alƙalami mai karatun Alƙur'ani: yadda ya yi wa Inna aiki

Inna ba ta shiri da wayar shafa. Idonta ya yi rauni, yatsunta kuma ba su saba da gilashi ba. Shi ya sa kafin azumi na saya mata alƙalamin nan mai karatu a kasuwar Dole, irin wanda ake sayarwa haɗe da nasa Alƙur'anin.

Ka ɗora bakinsa kan aya, sai murya ta tashi. In ka duba shafin da kyau a hasken rana za ka ga takardar ta ɗan yi toka-toka. Ɗige-ɗige ne ƙanana aka buga a kanta, ƴar kyamarar da ke bakin alƙalamin ke karanta su, ta gane ayar, ya fito da sautin da aka ajiye a cikinsa. Ba ruwansa da intanet, caji kawai yake so.

Abin da ya faranta mini rai, Inna ba ta sauya komai daga yadda ta saba ba. Ta yi alwala, ta zauna kan tabarma, ta juya shafi da hannunta. Ayar da ta ƙi zama sai ta yi ta taɓa ta, ba kunyar kowa, ba jiran jika ya dawo daga lakkol. Muryar Husari, makarancin nan na Masar, ta zaɓa, don ba ya gaggawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ruwaya, wato salon karatun da aka bi. Mu nan Damagaram da Warshu aka tashe mu a makarantar allo, wannan kuwa Hafsi ne. Tun a Fatiha ta ji an ja "maliki", ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ba haka malam ya biya mana ba." Rubutun ma daban: fa ɗinmu ɗigonta a ƙasa yake, nasu a sama. Ko ƙidayar ayoyi ba ɗaya ba, Hafsi 6236, Warshu 6214. Mai kayan bai faɗa mini ba, kuma wannan ya ɓata mini rai, don tsoffinmu ne suka fi bukatarsa.

Lasifikarsa ba ƙarfi, in an karkata shi kuma wani lokaci sai ya yi shiru. Ba ya karanta kowane Alƙur'ani sai nasa, kuma in ka yi kure ba zai gyara maka ba, don haka Inna ba ta bar zuwa wajen malamarta ba. Mai son saye ya tambayi ruwayar tukuna, ya gwada shafin farko, tsakiya da ƙarshe a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi.