Akwatin koton gashi da na saya a Yamai: kayan aikin sun yi, ƙugiyoyin kam a'a

Jama'a masu fatsa a kogi, wanga akwati da wani mai shago ya fara kawowa nan Yamai, mai ɗauke da kayan ɗaura koton gashin tsuntsu, wato gashin da ake ɗaurawa a ƙugiya ya yi kama da ƙaramin kifi, na saye shi jika goma sha biyar bayan ciniki mai zafi. A ciki akwai ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙugiya, zare kala-kala, almakashi, gashin jelar barewa, gashin talo-talo mai laushi, da waɗanda aka riga aka ɗaura kamar guda goma.

Abin da mai shagon bai faɗa ba, kuma ina ga shi ma bai sani ba, wannan kaya an yi su ne don kifin da Turawa ke ce ma lake trout, na tabkunan Kanada da arewacin Amurka. Kifin ruwan sanyi ne, wajen digiri 10 yake so, da zafi ya nutse can ƙasa, sai ƙanƙara ta narke ya taso sama yana farautar ƙananan kifi, lokacin ne suke jan koton a bayan jirgi. Har da samfurin Gray Ghost a ciki, wanda wata mata Carrie Stevens ta ɗaura a jihar Maine ta Amurka, siriri mai toka-toka. Kyau kam ba magana. Amma ruwansu garai yake, kifi na hango abu daga nesa, mu kuwa a watan Agusta da Satumba kogi ja wur yake, ko hannunka ka tsoma ba ka ganin shi, to wa zai ga toka-toka a nan?

Sai da ruwa ya washe lokacin sanyi na ga amfanin abin. Na ɗaura nawa da fari da ja, na ƙara ƙyalli, na sa ɗan nauyi a kai, ina ja ina tsayawa ina ja ƙasan gadar Kennedy, wallahi tsage na kai mishi hari kamar da gaba. Matsalar ita ce haƙori, tsage ɗaya ya isa ya mayar da aikin rabin awa tsumma, kuma in ba ka sa 'yar waya gaban ƙugiya ba ya tsinke zaren ya tafi da komai.

Ƙugiyoyin akwatin kuma sirara ne ƙwarai, wani abu mai nauyi ya kama, ina zaton giwan ruwa ne, ya miƙar da ita sak. Ku je kasuwa wurin masu kayan kamun kifi ku sayi masu kauri.

Mai neman karfasa ko tarwaɗa na miya, ɗan uwa riƙe tanarka, kar ka ɓata kuɗi. Mai son wasa da tsage kuma ya saya don ƙarfen da zaren, gashi kam zakarun gida da zabbi sun wadatar, nawa na akwati ya ƙare tuni da su nake ɗaurawa yanzu.