Tikitin Yawunde na saya, aka fara kai ni Marwa

Kafin komai, jirgin sama ya fi hanyar ƙasa, wannan ba na musu. Wanda ya saba zuwa Yawunde daga Garwa a Kamaru ya san abin: mota zuwa Gaundare, kusan kilomita 280, a hau tsaunin nan na bayan garin Mbe ana salati, sannan a kwana cikin jirgin ƙasa ana cin wasu kilomita 600 da ɗoriya. Ta sama kuwa, tsakanin filin Garwa da na Yawunde, wato Nsimalen, kimanin kilomita 650 ne kacal, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Shi ya sa da bikin ɗiyar yayata ya taso a unguwar Briketeri, na rufe ido na sayi tikiti. Kuɗin kun san shi, ba sai na tayar muku da hawan jini ba.

Jirgin tsaf yake, ma'aikaciyar ma mai fara'a. Da muka tashi na leƙa taga ina jiran in ga mun tsallake Binuwai mun yi kudu, sai na ga kogin ya koma bayanmu, ƙasa kuma sai ƙara bushewa take yi. Dattijon da ke kusa da ni ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗana, anya ba gida za a mayar da ni ba? Ni fa daga Marwa na zo da mota jiya don in kama jirgin nan." Bai rufe baki ba aka sanar cewa za mu sauka Salak, filin jirgin Marwa, mu ɗauki fasinjoji. Babu wanda ya faɗa mana haka wajen sayen tikiti, babu a jikin takardar, babu a wajen awon kaya, inda kuwa aka tsaya ana yi mini lissafin kilo biyu na kilishi kamar zinari na ɗauko.

To, ku lissafa da kanku. Garwa zuwa Marwa ta sama kusan kilomita 160 ne, kuma arewa aka nufa. Daga Marwa zuwa Yawunde kimanin 800. Tafiyar 650 ta koma kusan 960 ke nan, ban da zaman da muka yi a ƙasa, ƙofa a buɗe, na'urar sanyi a kashe, zafin Marwa na shigowa, yara na kuka. Ruwa rabin kofi aka raba. Dattijon nan dai dariya kawai yake yi yana girgiza kai, kuɗin motarsa da kwanan Garwa sun tafi a banza.

Na so in ce duk da haka an ci riba, tunda ran nan na kwana Yawunde. Amma da na tuna Nsimalen ɗin ma ya fi kilomita 20 daga gari, ga mai tasi ya ga baƙo da babbar riga ya yanka kuɗi son ransa, ga cunkoso, sai raina ya sake ɓaci. Na isa an riga an shafa fatiha, yayata tana ta cewa, "Kai da ka zo ta sama?"

Mai niyya ya tambayi masu jirgin baki da baki ko jirgin kai tsaye ne. Ni dai na komawa na sa an kama mini gado a jirgin ƙasa.