Wace sandar fatsar ƙwaro za ka saya in a Sakkwato za ka yi amfani da ita

Tun ranar da wani abokina ya hango ni bakin gulbi wajen Kwalkwalawa ina ta kaɗa zare gaba da baya kamar mai korar tsuntsaye a fadamar shinkafa, tambaya guda ake ta yi man, wai wace sanda ya kamata mutum ya saya in yana son fara irin wagga fatsa. To bari in faɗi abin da na sani gaba ɗaya in huta, don na gaji da maimaitawa a majalisa.

Ita wagga fatsa da Turawa ke kira fulai, inda ta rabu da tamu ta gida a zare ne. Mu in za mu jefa fatsa tana muke sokawa a ƙugiya, mu ɗaura 'yar dalma, nauyin dalmar ya ja zaren ya tafi. Ita ko kotonta ƙwaron ƙarya ne, gashin tsuntsu da ɗan zare anka naɗe jikin ƙugiya, in ka jefa shi da hannu ko taku uku ba zai yi ba. Saboda haka sai anka zuba nauyin cikin zaren kansa, mai kauri ne an lulluɓe shi da roba, tsawonsa wajen ƙafa 90, shi ke ɗaukar ƙwaron ya kai shi inda kifi yake. Wanda bai gane haka ba shi ne zai juye kuɗinsa duka kan sanda mai ƙyalli ya manta da zare, kuma ni ne shugaban masu wannan wautar, za mu zo wurin.

Lambar da za ka gani a jikin sanda, 5 ko 8 ko 10, ba tsawo ba ce kuma ba kilon kifin da za ta ɗauka ba ne kamar yadda wani mai shago ya taɓa rantse man. Nauyin ƙafa 30 na farkon zaren da ya dace da ita ne. Lamba 5 wajen giram 9, lamba 8 wajen giram 13 da rabi. Dole lambar sanda da ta zare su zo ɗaya, in ba haka ba sandar ba za ta lanƙwasa yadda ya kamata ba, sai ka wuni kana dukan iska.

Lamba 5 ita ce kowa zai ce maka ka fara da ita, don ita ce sandar masu kamun ƙananan kifayen ruwan sanyi a Ingila da Amurka kuma su ne sunka cika bidiyon YouTube. A nan za ta kama maka karfasa da kawara ranar da babu iska, shi ke nan. Lamba 10 zuwa 12 ta masu farautar giwan ruwa ce irin waɗanda ke tafiya kogin Faro a Kamaru, in ka saye ta don tafkin Kware kafaɗarka kawai za ka kashe. Sandar nan mai zugewa kamar eriyar rediyo kuwa kada ma mu ɓata baki a kanta, ta yara ce.

Ni dai lamba 8, tsawo ƙafa 9, mai gaɓa 4. Ita nike riƙe da ita kuma ita zan ce ma ƙanena ya saya.

Dalili na farko iska. Duk wanda ya tsaya bakin ruwan Goronyo cikin hunturu da hantsi ya san abin da nike faɗi, buɗaɗɗen wuri ne ba itacen da zai tare maka komai, zaren lamba 5 in ka jefa shi cikin wannan iskar dawowa yake ya naɗe maka a hula, amma na 8 yana da jikin da zai tsaga ta ya wuce. Na biyu girman ƙwaro. Kifin da ya sa ni shiga wagga harkar tsage ne, shi kuma tsage ba ruwansa da ɗan ƙuda mitsitsi, ƙananan kifaye yake farauta, don haka kana buƙatar ƙwaro mai kama da ɗan kifi irin Clouser Minnow, wanda ke da idanun ƙarfe guda biyu da ke sa shi nitsewa yana tafiya bakin ƙugiyar na kallon sama, bai cika maƙalewa a ciyawar ƙasa ba. Irin wanga ƙwaro yana da ɗan nauyi, ƙaramar sanda wahala take sha da shi, ita ko 8 kamar don shi anka yi ta. Kuma ranar da tarwaɗa babba ta ɗauka ta nufi gindin ciyawa kana da ƙarfin da za ka juyo kanta. Karfasa ma tana kamuwa da ita, daɗin jan ne kawai ke ɗan raguwa, wannan na yarda.

Maganar gaɓa 4 kuwa maganar kabu-kabu ce. In ka kwance ta kowace gaɓa ba ta kai ƙafa 3 ba, ta shige kwanonta ka rataya a baya ka hau babur. Mai gaɓa 2 sai ka riƙa tafiya da ita kamar mai mashi, wata rana keke napep ya taɓa maka tsinin ta tafi.

Ril, wato abin naɗe zaren, kada ka kashe kuɗi da yawa a kansa. Ya dai zama na ƙarfe ba na roba ba, birkinsa ya riƙa sakin zare sumul ba fizge-fizge, kuma ya ɗauki siririn zaren ajiya na ƙarƙashi ko mita 100 ne. Sai waya, ɗan guntu kamar tsawon tafin hannu tsakanin ƙwaro da siririn zaren roba da ake ɗaurawa a bakin babban zaren, don haƙoran tsage almakashi ne. Wani dattijo masunci da ke kafa kalli kusa da inda nike tsayawa ya ga na yi asarar ƙwaro uku a jere, ya matso da jirginsa ya ce "yaro, kai da tsage kake wasa da zaren ɗinki?" Na ce "Baba ai na Turai ne." Ya ce "to shi tsagen bai je Turai ba." Washegari na sa waya.

Af, in abin da kake so kifi a tukunya ne kowace fita, gaskiya ka sayi sandar sifinin, wato mai ril wadda nauyin koto ke jan zarenta, ko ka tsaya kan tanarka, sun fi kamu. Wagga harkar ta mai son wahalar da kansa ce.

Yanzu zare, inda anka ƙone ni. Ka nemi wanda anka rubuta WF8F a kwalinsa. WF na nufin nauyin yana gaba, 8 lambarsa, F na nufin yana yawo saman ruwa. Sannan abin da ba mai gaya maka, zare iri biyu ne, na ƙasar sanyi da na ƙasar zafi. Mu nan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, zaren ƙasar sanyi in ya sha wannan ranar laushi yake kamar taliyar da ta wuce dahuwa, ya riƙa manne wa zobban sanda da yake bi ta cikinsu, ka jefa ya faɗi gaban ƙafarka. Kamfanoni irin Rio da Scientific Anglers suna yin na ƙasar zafi musamman, cikinsa ya fi tauri, shi za ka tambaya. In kuɗinka kaɗan ne ka rage daga sanda ka ƙara a zare.

Ni saiti na saya ta waya wurin wani da ba zan kama sunansa ba, sanda da ril da zare da akwatin ƙwari, kuɗin sun kusa na buhun shinkafa. Yallaɓai sama Yallaɓai ƙasa, har da rantsuwa kayan daga Amurka sunka zo. Kaya sunka iso tasha na buɗe, sunan babban kamfani a jikin sanda ashe sitika ce, da farce na ɓare ta. Maƙamar da ya kamata ta zama ta ɓawon itacen nan mai laushi, soso ne anka shafa ma fenti. Zaren kuwa kaurinsa ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ba WF ba komai, igiyar roba ce mai launin ruwan lemo. Sati biyu ina zargin hannuna, ina cewa ni ne ban iya jifa ba, ina fita filin ƙwallo da yamma yara na dariya. Ranar da na fara kai sandar ruwa ƙugiya ta kama ciyawa na ɗan ja, sai ƙas, ta karye daidai mahaɗar gaɓa ta biyu. Na kira shi, lambar da ke ce man Yallaɓai ta daina shiga.

Don haka kafin ka tura ko sisi, ka sa mai kaya ya kira ka ta bidiyo ya haɗa sandar gabanka ya kaɗa ta, hoto ba hujja ba ne, daga intanet suke kwasowa. Ya kawo kyamara kusa da rubutun, na gaske yana ƙarƙashin man da anka shafe sandar da shi, ba a sama yake a liƙe ba, kuma za ka ga tsawo da lamba da yawan gaɓa a rubuce. Ya nuna maka bakin kowace mahaɗa, in akwai tsaga ko siririya ce kamar gashi ka bar masa abinsa. Zobban su jeru layi ɗaya, kuma in ta iso ka zura auduga cikin kowane, in ta maƙale to akwai kaifin da zai riƙa fere maka zare. In ka ga sunan Sage ko Orvis a kan kuɗin da ko jigilarta daga waje ba za su biya ba, ai ka san amsar, gara ƙaramin kamfani da ya sa sunansa na gaskiya da babban suna na sata.

Shi zaren ka warware shi ka bi shi da yatsu biyu, na ƙwarai za ka ji ya fara siriri, ya yi ciki, sannan bayan wajen ƙafa 30 zuwa 40 ya koma siriri har ƙarshe. In kana da shakka ka auna mita 9 na gaba, ka naɗe ka ɗora a ƙaramin sikelin maƙeran zinari, lamba 8 ba za ta yi nisa da giram 13 zuwa 14 ba, wasu kamfanoni na ɗan ƙara nauyi da gangan amma in ka ga giram 7 an cuce ka. Ƙwarin cikin saiti su ma ka gwada, kama ƙugiyar da filaya ka ɗan ja, in ta buɗe kamar wayar ɗaurin buhu zubar da akwatin duka, ka sayi ƙugiyun Mustad na gaske ka naɗa naka da gashin zabo da na zakara, ba abin da ya fi su yawa a gidajenmu. Su ma Mustad ɗin akwai jabu a kasuwa, kwalin ya yi kama amma tsinin ba ya kama farce in ka goga shi. Kuma duk mai kayan da ya ƙi yarda ka biya rabi sai kaya sun iso, ko ya ce ka yi sauri saura guda ɗaya wani Alhaji na jira, ka bar ma Alhajin.

Igiyar ruwan lemon nan tana gida har yanzu, uwargida ta ɗaure ta tsakanin dalbejiya da ƙofar kicin tana shanyar kayan yara, ta ce ba ta taɓa samun igiyar da ba ta tsatsa irinta ba.