Gargaɗi: masu sayar da farfelar walda da sunan ta asali, da bakaniken da ke cewa giyabos ya mutu

Salam jama'a, musamman direbobi da masu akori-kura da manyan motoci, dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura wa ɗan uwansa. Akwai wata damfara da ake yi yanzu a harkar kayan gyaran mota, a kan farfela, wato dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin mota da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil na baya, kuma mutanen nan ba wanda yake zaune lafiya suke nema ba, wanda farfelarsa ta karye a hanya suke jira, ga lodi a baya ga mai yana malala a ƙasa ga mai kaya yana ta kira, sun san a wannan lokacin hankalin mutum ba ya jikinsa, duk abin da aka faɗa masa to kawai zai ce.

Su biyu ne suke aikin amma sai su nuna kamar haɗuwar Allah ce. Ɗaya yana laɓe a guruf-guruf na direbobi da masu sayar da kayan mota a WhatsApp da Facebook, ba ya magana, yana jira wani ya saka hoto ya ce jama'a a taimaka farfela ta karye. Ɗayan kuma bakanike ne ko dai mai kiran kansa bakanike. Motar baffana aka yi wa haka, akori-kura ce mai giya otomatik, kuros na gaba, wato mahaɗin da ke bakin farfela, shi ne ya watse tana cikin tafiya, farfelar ta zare daga bayan giyabos ta daki ƙasa ta lanƙwashe, jan mai ya biyo baya. Allah ya tsare direban da yaronsa ba abin da ya same su. Direban ya saka hoto a guruf, kafin kace me wani ya biyo shi ta bayan fage da sallama da jaje, wai yana da farfelar irin motar sak, kwamfilit, ta asali da aka kwance daga motar da ta yi haɗari ta gaba, ba abin da ya taɓa ta. Ya turo hotuna masu kyau. Sannan ya ce akwai wani yaronsa bakanike ba nisa da wajen, bari ya turo shi ya duba kyauta.

Bakaniken ya zo ko fitila bai kunna ba, ya durƙusa ya dangwali man da yatsa ya shinshina ya girgiza kai, ya ce wa direban oga sai haƙuri, giyabos ya tafi. Da aka haɗa shi da baffa a waya ya ce Alhaji wallahi tausayinka nake ji, tunda mai ya zube haka komai na ciki ya ƙone, amma maigidana yana da giyabos ma, in za ka bar mana tsohon naka sai a rage maka kuɗi sosai. To nan ne asalin cutar take jama'a. Farfelar ɗan ƙaramin ciniki ce a wajensu, giyabos ɗinka mai lafiya shi suke so su ɗauke a matsayin mushe, su ba ka wani gajiyayye da suka wanke da fetur, naka kuma su sayar wa wani da tsada.

Baffa ya tura kafin alƙalami na farfela don mota ba ta tashi sai da ita, amma maganar giyabos ya ce a dakata sai bakanikensa na gida ya gani. Farfela ta iso baƙa wul sai ƙyalli take. Aka ɗaura, aka zuba mai, a hankali ba komai, ana ɗan taka totur sai mota ta fara kakkarwa tun daga ƙasan kujera har madubi ba ya nuna komai. Da bakaniken gida ya kwance ta ya sa wuƙa ya kankare fentin, a tsakiyar bututun sai ga walda zagaye guda, an goge ta da injin an shafa filla, abin cike lotsawar jikin mota, an fesa fenti. Gutsure biyu ne na farfela daban-daban aka haɗa. Kunnuwan da ke riƙe kuros na gaba da na baya ba sa kallon layi ɗaya. Ƴan ƙarafunan nan na balans da kamfani ke mannawa a jiki an yanke su, tabonsu kawai ya rage a ƙarƙashin fenti. Kuros kuma an danƙara masa giris mai kauri don kar a ji wasa in an girgiza da hannu, da aka buɗe kofi ɗaya alluran ciki ba su cika ba, sauran sun zama jan gari na tsatsa. Aka kira mai kayan, lamba a kashe, a WhatsApp ya yi bulokin, bakaniken nasa ya ce shi wallahi a intanet kawai ya san mutumin.

Giyabos ɗin da aka ce ya mutu fa? Oyil sil na baya, robar da ke tare mai, shi ne kawai ya yage. Aka canja shi aka cika mai, yana aiki har yanzu.

Ina so ku gane dalilin zubar man nan sosai, domin da shi suke tsorata mutane. A yawancin akori-kura masu jan baya, kan farfelar na gaba zurawa yake yi cikin wutsiyar giyabos, yana ɗan shiga yana fita yayin da mota ke hawa da sauka a kan sifirin, kuma oyil sil ɗin a jikinsa yake kwance. Wato shi kansa ƙarfen shi ne murfin ramin. In ya zare dole mai ya zubo, ko da giyabos sabo ne dal daga kamfani. Kuma tunda farfela ta faɗi mota ba ta ƙara tafiya da ƙarfinta, sai dai ta gangara ta tsaya, to yaushe giyabos ya yi aikin da zai ƙone? Wanda ke ƙonewa shi ne wanda aka daɗe ana tuƙawa mai yana ɗiga ba a sani ba. Ban ce ba ya lalacewa ba, yana yi, in farfela ta yi bulala da ƙarfi tana iya fasa wutsiyar giyabos ko ta lanƙwasa shaf na ciki, amma wannan abu ne da ido ke gani, a wanke wajen a haska fitila a nuna maka tsagin ka sa farce ka ji shi. Kuma a motoci da yawa wutsiyar da bol aka ɗaure ta, ita kaɗai ake canjawa ba duka giyabos ba. Duk wanda ya yanke wa giyabos hukunci da ɗan yatsa da hanci kawai, ku sallame shi.

Sannan ba kowane mai da ya zuba ne na giyabos ba. Man giya otomatik yawanci ja ne mara kauri, in ya ƙone sai ya yi duhu yana warin ƙauri, in naka har yanzu ja ne garau to alama ce mai kyau. Man aksil na baya kauri gare shi, irin su 80W-90, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai ba ya ɓuya, in ta baya farfelar ta karye sau da yawa sil ɗin bakin aksil ne ya tafi. Man birki kuwa fari-fari ne mai santsi, kuma shi ne abin tsoro na gaske, farfela in ta tsinke tana dukan duk abin da ke kusa da ita, bututun birki, tiyon mai, tanki, salansa, a manyan motoci har da tiyon iska. Ɗan damfara ba ruwansa da duba waɗannan don ba riba a ciki, zai ɗaura maka farfela ya sake ka kan titi da birki mai yoyo.

Abin da ya fi ɓata min rai kenan a lamarin, kuɗi ana samu a rasa, amma wannan wasa da rayukan mutane ne. Farfela tana juyawa sau uku zuwa huɗu ko fiye kafin tayar baya ta zagaya sau ɗaya, a babban titi sau dubbai kenan a minti guda. Ƙarfe mai nauyi haka in ya karkace ko kaɗan ko ba shi da balans, zai ci kuros, ya ci santa boris da ke riƙe farfela a tsakiya, ya ci sil, a ƙarshe ya sake tsinkewa. In ta gaba ya tsinke bakinsa na iya cakar kwalta ya ɗaga bayan motar sama. Mutumin da ya fesa fenti a kan waldar nan ya san haka sarai.

Kar kuma a fahimce ni ba daidai ba, ba kowace walda ce cuta ba. Akwai masu gyaran farfela na gaskiya, suna canja bututun gaba ɗaya, waldarsu a ƙarshen bututu take inda ya haɗu da kunnuwa kamar yadda kamfani ke yi, suna saita ta a kan injin juyi su auna karkata sannan su yi mata balans, kuma za su faɗa maka gyararriya ce. Wannan sana'a ce mai albarka. Wanda ya haɗa gutsattsari a tsakiya ya ɓoye da filla ya ce ta asali ce, shi ne ɓarawo.

In za ka sayi farfela ta hannu kar ka tura ko sisi sai ka gan ta, in ba hali ka tura wanda ka yarda da shi. In dole sai ta waya, ka ce ya kira ka ta bidiyo ya ɗora awo a kanta kana gani, ka kwatanta da tsawon taka, mai hoton sata ba zai iya ba, zai fara cewa netwok ba kyau ko yaron shago ya tafi da makulli. Kayan kwance na gaskiya da ƙura da tsatsa da tsohon giris yake zuwa, sabon fenti a jikin tsohon ƙarfe tambaya ce da sai an amsa. Ka bi bututun da tafin hannu tun daga kai har ƙarshe, ka sa maganaɗisu, inda filla take da kauri ba ya kamawa sosai, in dai farfelar ta ƙarfe ce ba ta alminiyam ba. Ka kwantar da ita a ƙasa mai lebur ka duba ko kunnuwan gaba da na baya sun yi layi. Ka goge giris ɗin kuros ka murɗa shi kowane ɓangare, bai kamata ya yi wasa ko ya cije ba. Girman kuros ma ba ɗaya ba ne, misali wanda ake kira 1310 faɗin kofinsa wajen milimita 27 ne, 1350 kuma wajen milimita 30, a ido kamar ɗaya suke, shi ya sa awo ya fi rantsuwar mai kaya. Kuma ka duba inda sil ke kwanciya, in ya yi zanen rami ko sabon sil ka saka zai ci gaba da ɗiga, a nan ne suke cusa gam su zuba mai mai kauri ya riƙe har su ɓace.

Tsohon kayanka kuma kar ka bari ya bar gabanka. Giyabos yana da lamba a jiki, ka ɗauki hotonta kafin kowa ya sa sifana. Ba a musayar giyabos a bakin titi, a ja motar zuwa garejin da ka sani. Wajen ja ma a kula, mota mai otomatik ba a jan ta da nisa tayoyin baya a ƙasa farfela a ɗaure, don famfon mai ba ya aiki in inji a kashe yake, a nan ne giyabos ke ƙonewa da gaske. Kuma dan Allah duk wanda zai shiga ƙarƙashin motar da farfelarta ta fita ya sa weji gaba da baya tukuna, saka ta a giya ko a P ba ya riƙe komai tunda abin da ya haɗa giya da taya ba ya nan.

Mai sayar da farfelar nan yana canja suna da lamba amma hotunan da salon maganar ba sa canjawa, jaje da farko, sai kwamfilit ta asali daga motar haɗari, sai yarona yana kusa da kai, sai a yi sauri wani ma yana so. In ya taɓa ka ka ajiye hirarku da shaidar tura kuɗi da lambar akawun, ka sanar da bankinka da wuri, ka kai ƙara wajen hukuma, ka kuma faɗa wa shugabannin guruf ɗin su cire shi. Wanda kuma aka riga aka ɗaura masa farfela ta hannu kwanan nan, in yana jin kakkarwa da ke ƙaruwa da gudu, ko ƙarar ƙwas in ya saka giya ko ya saki totur, ko ya ga ɗigon mai a bayan giyabos, ya sauke lodi ya faka motar a kankare fentin a duba kafin ta sake hawa titi.