Kulawar da ake yi wa ɗalibai a makarantar 'yata

'Yata tana makarantar kwana ta 'yan mata, kuma ba sakamakon jarrabawa ne ya sa na bar ta a can ba, yadda suke sa ido a kan yara ne.

Kowace ɗaliba tana da malama guda mai bibiyar lamarinta, ban da mai kula da ɗakin kwana. Lokacin da 'yata ta fara ƙin abinci tana keɓe kanta, malamar ce ta riga mu lura. Ba ta tsayar da ita gaban aji ba. Sai da aka tashi ta ja ta ofis, ta turo ƙofa, da yamma kuma ta kira ni. Ashe wasu manyan ɗalibai ne suka sa ta gaba da tsokana kan ƙibarta. Aka sauya mata ɗaki, aka zauna da iyayensu, kuma har yau ba wanda ya san ta bakin wa maganar ta fito. Wannan rufin asirin ya fi komai burge ni.

Ɗakin jinya ba laifi, audugar mata tana nan, yarinya ba sai ta yi ta kame-kame ba.

Amma mai ba da shawara ɗaya ce tak ga makaranta sukutum, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da larurar ƙwaƙwalwa. Yaushe za ta iya? Ga barci: 'yan shekara 13 zuwa 18 na bukatar awa 8 zuwa 10, karatun dare kuwa yana cinye musu. Na tayar da maganar a taron iyaye, aka ce za a duba, jadawalin yana nan yadda yake.